Shekarar da Mai Jaki Ya Ƙi Jujinmu

Garinmu ƙarami ne, yana arewa da Kano. Yana kusa da birni har mutum ya je kasuwar Kurmi a kan keke da safe ya dawo ya riski azahar a gida, amma da nisan da ya isa 'yan birni su kira mu ƙauyawa. Duk tsawon yarintata motar kwasar shara ba ta taɓa shigowa unguwarmu ba, kuma ban ji wani babba ya yi kukan rashinta ba. Kowane gida da jujinsa a bayan katanga. Namu yana tsakanin bangon ɗakin Kaka da dangar maƙwabta, kuma kai shara can aikina ne, saboda ni ne ɗan fari. Inna ba ta kama sunana. Sai dai in ji ta ce, "Kai, daron nan fa ba shi da ƙafa," in tashi in ɗauka.

Daron ba ya yin nauyi, don kafin abu ya faɗa cikinsa ya riga ya bi ta hannuwa da yawa. Ƙanzon tukunya a jiƙa shi a ci, wanda ya gagari mutane a watsa wa kaji. Dusa da ƙasari na awaki ne. Ɓawon gyaɗa da totuwar masara su tafi murhu. Toka ma ba duka ake fitarwa ba, Inna takan ware ta karan gero ta tace ruwanta saboda miya, ta ajiye wata don dirje tukwane. Ƙwarya in ta tsage a jira gyartai, in ta wuce ɗinki ta zama sakainar kwasar wuta. Gwangwanin madara ya koma aci-balbal ko ma'aunin mai sayar da gishiri, tsohon zane ya koma gammo da lagwani, tsohuwar taya ta koma takalmi, tib ɗinta ya koma guga. In za ka sayo man gyaɗa ka tafi da kwalba, in ƙosai ne ka tafi da kwano, tsire kuwa a naɗe maka a takardar buhun siminti.

Abin da ya fi cika daron shi ne ganye. Akwai wata babbar darbejiya a tsakar gidanmu, kuma idan rani ya shiga takan zubar da ganye har ƙannena mata su yi shara da safe, la'asar ta yi kamar ba a taɓa ba. Ni da son samu ne in kwashe in kai juji in huta, ko in cinna masa ashana. Kaka ba ta yarda. Tana zaune a kan tabarma tana kaɗi, ba ta ko ɗago kai, sai ta ce, "Maigidana, a fara kai wa awaki su taka." Sai in zuba ganyen da ragowar harawa da guntayen kara a turke, dabbobi su kwana a kai, su tattake, su jiƙa shi da fitsari, ya cakuɗe da kashinsu. Sai bayan kwanaki a kankare turken da fartanya, a haɗa da toka da sharar tsakar gida, sannan ya tafi bayan gida. A lokacin na ɗauka rigimar tsufa ce kawai.

Mai ɗaukar jujinmu wani dattijon manomi ne daga wani ƙauye da ke gabanmu. Mu yara Baba mai jaki muke ce masa. Yakan fara zuwa bayan an gama kaka, ya ci gaba har bazara ta yi nisa. Yana shigowa da jakunansa ɗauke da itace ko kara, ya sayar a gari, ya koma da mangaloli cike da taki. Haka manoman kewayen Kano suka daɗe suna yi, shi ya sa suke noma gona ɗaya shekara da shekaru ba su bar ta ta huta ba, kuma ba ta mutu ba. Idan ka bi hanyar ƙauyukanmu a watan da ake jiran ruwan farko, za ka ga gonaki an jera musu ƙananan tsibin baƙin taki, suna jiran a baza.

Ranar da zai fasa juji ba na zuwa ko'ina. Yakan tattare babbar rigarsa ya ɗaure a ƙugu, ya kafta fartanya a gefen tsibin. Sama busasshe ne, fari-fari da toka, amma ciki baƙi ƙirin, da ɗumi, har tururi yake yi idan da sanyin safiya ne. Warinsa ba na ruɓa ba ne, ya fi kusa da ƙanshin ƙasa bayan yayyafi. Gwazarma farare ƙato-ƙato suna murɗawa a ciki, kajin unguwa kaf su taru suna wawa. Sai ya ɗibi takin a tafin hannu, ya murza, ya kai hanci, ya dubi Baba, mahaifina, ya ce, "Malam, na gidanka daban ne. Allah Ya ƙara wa Iya lafiya." Ya san aikin wace ce. Idan kaka ta yi kuma, sai ga shi da damin gero da harawar wake, ya sauke a zaure, su yi ta ja-in-ja da Baba, wannan yana cewa ya yi yawa, wancan yana cewa a yi haƙuri da kaɗan.

Abin da ban gane ba a wancan lokaci shi ne wa yake yi wa wani alfarma. A tunanina mu ne masu kyauta, shi kuwa talaka ne mai roƙon dattinmu. Sai da ya daina zuwa na san cewa shi ne motar sharar unguwarmu, kuma shi ne yake biyanmu.

Karo na farko da na ga an ji tsoron juji shi ne a 1985. Gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta fito da Yaƙi da Rashin Ɗa'a tun watan Maris na 1984, aka koya wa mutane bin layi da zuwa aiki a kan lokaci. A watan Yuli na 1985 mataimakinsa Tunde Idiagbon ya zo Kano ya ƙaddamar da ɓangaren tsaftar muhalli, har da alkawarin naira miliyan ɗaya ga babban birnin jihar da ya fi tsafta. Muka ji a rediyo. Daga nan labarai suka fara isowa daga birni a bakin masu zuwa kasuwa: an rushe rumfuna, an sa wani babban mutum tsallen kwaɗo a gaban jama'a, an ci wasu tara. Wanne ne gaskiya, wanne ne ƙari, mu dai duka muka haɗiye. Sai wata jita-jita ta zo cewa duk gidan da aka samu tsibi a bayansa, maigidan zai kwana a ɗaure.

Damina ce, juji ya jiƙe, ba lokacin kai taki gona ba ne, kuma babu inda za a kai shi cikin dare ɗaya. Bayan isha'i Baba ya ɗauko kananzir ɗin fitilunmu gaba ɗaya, ya tara busasshen kara a kan tsibin, ya cinna. Bai ci da wuta ba, hayaƙi kawai ya riƙa yi, mai kauri, mai ɗaci, yana shiga ɗakuna. Gidaje da yawa a layinmu haka suka yi, har unguwar ta koma ba ka ganin na gabanka. Ƙanwata ta goye ta kwana tana tari. Ni kuma na kwana ina sauraron ko zan ji ƙarar takalman sojoji, duk motsin akuya sai gabana ya faɗi. Na tuna Kaka tana tsaye a bakin ƙofarta da mayafi a hanci, ba ta ce wa ɗanta komai ba, kuma shirun nan ya fi faɗa ciwo.

Soja bai zo ba. Duba-gari ne ya zo, wani mai furfura cikin kakinsa, tare da wata mata abokiyar aikinsa. Shi ya tsaya a zaure, ita ta shiga ciki ta buɗe randuna ta leƙa ko akwai 'ya'yan sauro, ta duba makewayi da rariya. Da suka zagaya baya ya ga abin da ya rage na jujin, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da Baba a hankali, "Malam, ai da ka bar shi. Kwata muke nema da ruwan da ya kwanta. Ni ma ɗan manomi ne." Baba bai amsa ba. A ƙarshen watan Agusta aka yi juyin mulki, amma sharar Asabar ɗin ƙarshen wata ta zauna, kuma ba zan ɓoye ba, ta yi amfani. Lambatun bakin kasuwarmu bai taɓa zama fes kamar a shekarun nan ba.

Wancan tsoro na dare ɗaya ne, juji ya sake taruwa. Abin da ya kashe shi ya shigo ne ba tare da kowa ya tsorata ba. Da farko leda abin marmari ce. Inna takan wanke ta, ta shanya a igiya, ta ninke ta sa a ƙarƙashin katifa. Sannu a hankali mai ƙosai ya daina tambayar kwano, mai manja ya fara ƙulla shi a farar leda, koko da kunu da fura duk suka koma ƙulli. Cikin shekarun 1990 ruwan leda ya iso, mai sanyi, mai arha, kuma a garin da rijiyoyi ke ƙafewa da bazara wa zai ce kada a sha? Ba na zargin kowa da karɓar leda. Ta sauƙaƙa wa mata da 'yan talla rayuwa ƙwarai. Sai dai duk abin da ke cikin gidanmu yana da mai jiransa idan ya gama aiki, ita kaɗai ce ba ta da shi. Akuya ba ta narkar da ita, juji ba ya ruɓar da ita, murhu ma in ka sa ta sai ta ɗige ta yi wari.

Inna tana da wata jar akuya mai haihuwar tagwaye, wadda da kuɗin 'ya'yanta aka yi wa ƙannena kayan ɗaki da dama. Sai ta fara ramewa alhali cikinta yana kumbura. Aka ba ta kanwa, aka ba ta jiƙe-jiƙe, ta daina tuƙa, gashinta ya tashi. Da aka ga za ta mutu a banza aka kira mahauci. Ina riƙe da ƙafa lokacin da ya farka tumbin. Ya sa hannu ya jawo wani dunƙule mai tauri, baƙi-baƙi da kore, ya kai girman kan yaro, ledoji ne suka murɗe da juna da igiyar buhu, har ana iya karanta rubutun wata ledar ruwa a jiki. Ya jefar a ƙasa ya ce, "Wannan ai kullum ne yanzu." Inna ta leƙo daga bakin ƙofa ta gani, ta koma ɗaki. Ba ta ci naman ba.

A ranin da ya biyo baya ne Baba mai jaki ya zo, ya kafta fartanya kamar yadda ya saba, fartanyar ta maƙale. Ya ja, sai ga leda ta biyo ta zarere. Ya sake kaftawa a wani gefen, haka. Ga fasasshiyar kwalba, ga mataccen batir ya fashe. Ya tsuguna ya fara tsincewa da hannu, ni ma na tsuguna ina taya shi, muka tara tsibin leda a gefe, amma ko'ina ka taɓa akwai wata a ƙasa. Can ya miƙe, ya karkaɗe hannu, ya ce, "Malam, ka gafarce ni. Bara na kai irin wannan, shuka ta fito ta tsaya, na tona na tarar da saiwa a kan leda. Saniyar maƙwabcina ma ita ta kashe ta. Ƙarfina bai kai na tsinta ba." Baba ya ce, "Babu laifi, Baba. Gaskiyarka ce." Suka yi musabaha, ya kora jakunansa da mangaloli a ninke. Kunya ce ta kama ni, irin wadda ke kama mutum idan baƙo ya buɗe kwanon da aka kawo masa ya rufe.

Daga nan juji ya yi ta girma har ya kusa kai tagar Kaka. Ɓeraye suka samu gida, ƙudaje suka yi yawa. Sai muka yi abin da kowa ya yi, muka fara kai shara kududdufi. Kududdufin nan daga cikinsa aka haƙi ƙasar da aka gina gidajen unguwarmu tun zamanin kakanni, kuma duk ruwan da ya sauko daga indararo ya bi rariya ya fita lungu, can yake tafiya ya kwanta. A cikinsa muka koyi iyo, duk da dukan da muke sha a kai. Cikin 'yan shekaru bakinsa ya cike da bola, mutum yana iya takawa a inda da ruwa ke shanye babba. Da wurin ya yi tauri sai aka wayi gari wani ya kafa harsashi a kai, wani ya biyo baya. Babu wanda ya tambayi inda ruwa zai je, ni ma ban tambaya ba, ina ganin ma an rabu da sauro.

Ruwan ya ba da amsa a watan Agusta na 1999, shekarar da sojoji suka miƙa mulki. An fara shi bayan isha'i, ba iska, ba tsawa sosai, zuba kawai. Wajen tsakar dare na ji Inna tana salati. Na sauko da ƙafa daga gado na ji ta cikin ruwa. Na haska tocila a tsakar gida, sai na ga rariyar da ke fitar da ruwa ita ce take shigo da shi, baƙi, mai wari, ledoji suna yawo a kai, takalmanmu da butoci suna bin su. Awaki suna kuka a turke, ruwa ya kai musu ciki. Baba yana ƙwala kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin Kaka na ƙasa ne, kuma jujin da ya jingina da bangonsa ya sha ruwa ya riƙe. Na shiga na tarar da ita zaune a kan gado da carbi. Na durƙusa na ce ta hau. Ta ce, "Maigidana, yau kai ne da goyo?" Ba ta da nauyi ko kaɗan, ina jin ƙasusuwan ƙirjinta a bayana da numfashinta a wuyana. Mun isa zaure ke nan, na sauke ta a kan dakali, sai muka ji wani irin nishi mai nauyi daga baya, sannan ƙasa ta girgiza. Bangon ne ya zauna, azara ta biyo shi. Har yau idan ruwan dare ya yi ƙarfi ba na iya barci sai na fita na haska rariya.

Allah Ya kiyaye, ba a rasa rai a layinmu ba, amma ɗakuna da yawa sun faɗi, kuma bayan kwanaki amai da gudawa suka kama yara, don ruwan ya shiga rijiyoyi. Da gari ya waye muka je kwalbatin da ke ƙarƙashin titi, wanda ya kamata ya wuce da ruwa zuwa rafi. A toshe yake tam. Samari suka shiga har ƙirji da manjagara da hannu, abin da suke jawowa leda ce, da tsumma, da galan, da leda kuma. Kowa ya tsaya yana kallon abin da ya fito daga gidansa.

An yi taro a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar. An yi hayaniya. Wasu suka ce aikin hukuma ne, ai ana karɓar haraji, kuma suna da gaskiya. Wasu suka ce a rushe gidajen da aka gina a kududdufi, masu gidajen suna zaune a wurin. Liman ya kwantar da magana. Abin da aka iya cimmawa kaɗan ne: a yi gayyar yashe lambatu kafin kowace damina, kowane gida ya riƙa ba da wani abu duk wata, a sayi baro a ba samari marasa aiki su riƙa bi gida-gida. Amma abin da ya fi aiki ba a wurin taron aka yanke shi ba, mata ne suka yi shi a cikin gida. Inna ta rataye tsohon buhu a jikin darbejiya ta ce duk wanda ya jefa leda a daron shara zai tsince ta da hannunsa. Toka da ganye da kashin dabbobi suka koma hanyarsu ta da. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, wasu suka riƙe, wasu suka gaji. Da takin zamani ya yi tsada sai manoma suka dawo neman na gida, yanzu da amalanken shanu ko a-kori-kura, kuma kuɗi suke biya. Suna tambaya tun daga bakin ƙofa ko tsintacce ne, don farashin ba ɗaya ba ne.

Ƙarfe da roba kuwa sun samu nasu masu nema. 'Yan gwangwan suna yawo da kura da sikeli, suna sayen tsohon ƙarfe da dalma da fasasshen bokiti da silifas a kan kilo. Gwangwanin lemo ana narka shi a zuba tukwane da ludaya, roba ana niƙa ta a kai masana'antun Sharada da Bompai ta dawo buta da baho. A ƙasan wannan ciniki akwai yara 'yan jari-bola, da buhu a kafaɗa, wasu suna jan maganaɗisun tsohuwar lasifika da igiya yana tsinto musu ƙusa. Da yawansu ba takalmin kirki, suna tona bolar da ke da allura da reza da hannu tsirara. Mutane suna korarsu da sunan ɓarayi, kuma ba a rasa ɓata-gari a cikinsu, amma nauyin da suke rage wa garuruwanmu babu wanda ya taɓa biyansu ladansa. Ko safar hannu da takalmin roba da allurar rigakafi aka ba su, an yi wani abu.

Baƙar leda da ƙunzugun yara na zamani su ne har yau ba su da mai so. Wasu gidaje suna ƙona su da magariba, hayaƙin ya kwanta a lungu, masu asma da tsofaffi su kwana zaune. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi a 2017, kuma mutanensu ba su daina zuwa kasuwa ba. A ganina ko dai a bi wannan hanya, ko a tilasta wa masu yin ledar su saye ta idan ta gama aiki, don muddin tana da kuɗi ko kaɗan, yaran nan ba za su bar ko ɗaya a ƙasa ba. Unguwa ba za ta iya wannan da karo-karonta ba.

A yanzu masu baro suna tara buhunan a wani kango a ƙarshen layi. Idan kuɗi ya haɗu a kira tifa, in bai haɗu ba su yi wata biyu a nan, awaki suna yaga. Direban yana kai su wani tsohon ramin da aka haƙi ƙasar titi, a bayan gari, gonakin mutane ne kewaye da shi, kuma masu gonakin sun fara zuwa wurin mai unguwa da ƙorafi, don iskar bazara tana kwashe ledar ta watsa musu. Ramin ya kusa cika. A taron da aka yi bayan ƙaramar salla an tashi ba a samu wanda ya san wani ramin ba.